A sawun 9F, ƙaton jirgin dakon kwal na Ingila

Gidan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya yana bayan babbar tashar garin York, a kan titin Leeman, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Ba a biyan ko sisi a ƙofa, sai dai gudummawa ga wanda ya yi niyya. Ƙanena da ke karatu a Leeds ne ya yi mini jagora, kuma tun muna cikin jirgi yake ta zuzuta mini wani kan jirgi shuɗi mai suna Mallard, wanda ya yi gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli, 1938, gudun da har yau babu jirgi mai tururi da ya kamo shi. Da muka shiga babban zauren kuwa sai ga shi, jama'a sun yi masa zobe, kowa da waya a hannu. Na tsaya aka ɗauke ni hoto don kada ƙanen nawa ya ga na yi masa wulaƙanci.

Abin da ya ja ni yana can gefe. Wani dogon kan jirgi ne kore, mai lamba 92220, an rubuta Evening Star a gefensa. Na ƙirga manyan ƙafafunsa, biyar a gefe guda, an haɗe su da sandar ƙarfe ɗaya, ga wasu ƙanana biyu a gaba. Tukunyarsa a sama take ƙwarai, har kana iya leƙawa ta ƙarƙashinta ka hango mutumin da ke tsaye a ɗaya ɓangaren. Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan fa na kaya ne, zo ka ga na Japan." Na ce ya je, zai same ni a nan. Idan Mallard dokin hawan sallah ne, wannan jakin 'yan dako ne, kuma ni tun fil'azal na fi son jin labarin wanda ya ɗauki kayan.

Sunan ajinsu 9F. Hukumar reluwe ta Birtaniya tana ba kawunan jirage lamba gwargwadon ƙarfinsu, harafin F na masu jan kaya ne, 9 kuma ita ce ƙarshen ma'aunin. An ƙera guda 251 tsakanin 1954 da 1960, lambobinsu daga 92000 zuwa 92250. Masana'antar Crewe ta yi 198, ta Swindon ta yi 53. Wannan da nake tsaye a gabansa shi ne kan jirgi mai tururi na ƙarshe da hukumar ta ƙera, ya fito daga Swindon a watan Maris na 1960. Saboda haka ne aka yi masa gata: aka shafa masa koren fenti irin na jiragen fasinja, aka ɗora masa tagulla a bakin bututun hayaƙi, aka sa gasa tsakanin ma'aikata don zaɓar masa suna. Sauran 250 ɗin baƙaƙe ne wuluk, babu suna sai lamba, kuma a hotunan zamanin da kyar ake iya karanta lambar saboda dauɗa. Wato wanda aka ajiye domin ya wakilci dangi, shi ne wanda ya fi kowa rashin kama da su.

Wani dattijo cikin 'yan sa-kai masu yi wa baƙi bayani ya ga na daɗe a wurin, sai ya matso. Na gaishe shi, na ce Baba, me ya sa ƙafa har goma? Bai amsa da baki ba tukuna, sai ya ja ni kusa ya nuna mini ƙafar tsakiya. Kowace ƙafar jirgin ƙasa tana da leɓe ta ciki, wanda ke riƙe ta kada ta zame daga kan dogo. Ta tsakiyar nan ba ta da shi, a shafe take sumul. Ya ce abin da ke jan kaya ba ƙarfin inji kaɗai ba ne, sai ƙafa ta kama dogo; idan nauyin da ke kan ƙafafun ja ya yi kaɗan, sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya, jirgi yana tsaye. Idan kuma aka tara nauyin a kan ƙafafu kaɗan, gadoji da layin ba za su ɗauka ba. Sai aka raba shi gida biyar. Matsalar da ta biyo baya ita ce kwana: ƙafa biyar a jere, a ƙame, ba za su lanƙwasa ba. Shi ne aka cire leɓen ta tsakiya don ta riƙa ɗan zamewa gefe idan an shiga kwana.

Idan aka auna, tsayin kowace babbar ƙafar jirgin ƙafa 5 ne daidai, kuma ɗakin wuta a kan na baya yake zaune, shi ya sa aka ɗaga tukunyar sama haka. Abin da aka nema daga injiniyoyi shi ne kan jirgin da zai ja tan 900 a gudun mil 35 a awa ba tare da cin kwal na fitar hankali ba. Sun ba da wannan, har da ƙari.

Shugaban masu zanen shi ne Robert Riddles. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ya tsara wa ma'aikatar yaƙi kawunan jirage masu arha da saurin ƙerawa, ciki har da wasu 150 masu ƙafa goma, don haka ya san abin da wannan tsari zai iya. Ranar 1 ga Janairu, 1948 gwamnati ta karɓe manyan kamfanonin jiragen ƙasa huɗu ta mayar da su hukuma ɗaya, aka ba Riddles ragamar injuna. Amurka a lokacin ta riga ta rungumi dizal. Shi kuwa ya ce a ci gaba da tururi, kuma hujjarsa ba ta wauta ba ce: Birtaniya ta fito daga yaƙi da bashi har wuya, mai sai an saye shi da kuɗin waje, kwal kuwa ga shi a ƙarƙashin ƙafarsu, sannan kan jirgi mai tururi ya fi na dizal arha nesa ba kusa ba wajen ƙerawa. Ya fitar da aji 12 na kawunan jirage, jimlarsu 999, kuma 9F ne autansu. Shi kansa ya yi ritaya a 1953, kafin na farko ya fito daga Crewe a Janairun 1954.

Shekara guda bayan fitowar na farkon, a 1955, hukumar ta bayyana shirin zamanantar da reluwe na sama da fam biliyan 1.2, kuma ginshiƙin shirin shi ne a rabu da tururi gaba ɗaya, a koma dizal da lantarki. Duk da haka ba a tsayar da ƙera 9F ba. Shekara biyar aka ƙara ana narka ƙarfe, ana biyan maƙera, ana fitar da sababbin kawunan jirage waɗanda an riga an yanke musu hukunci. A 1964 aka fara ajiye su. Evening Star da aka yi wa bikin suna a 1960, a 1965 aka sallame shi, shekara biyar ke nan a bakin aiki. Ragowar na ƙarshe sun kai tsakiyar 1968, kuma a watan Agustan wannan shekara tururi ya ƙare a manyan layukan hukumar. Injin da aka gina domin ya yi shekaru masu yawa, wanda ya fi daɗewa a cikinsu bai cika shekara 15 ba. Ni dai ban san sunan da za a kira wannan ba in ba almubazzaranci da dukiyar jama'a ba, kuma ba a wata ƙasa mai tasowa aka yi shi ba, a ƙasar da ta ƙirƙiro jirgin ƙasan ne.

Na faɗa wa dattijon haka. Ya yi dariya, bai musa ba, amma ya ce in tuna da ɓangaren ma'aikata. Kan jirgi mai tururi sai an hura masa wuta awoyi kafin ya motsa. Idan ya dawo sai an kwashe toka, an share bututu, lokaci-lokaci a wanke cikin tukunya. Duk wannan da hannu ake yi, cikin sanyi da duhu. Bayan yaƙi masana'antu suna ɗibar ma'aikata da albashi mai kyau a wuri mai tsabta, samari suka daina zuwa loko neman aiki. Ga kuma hayaƙi: hazon da ya turnuƙe Landan a Disambar 1952 ya kashe dubban mutane, abin da ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Na yarda da shi cewa tururi dole ya tafi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gaggawar, domin da yawa daga cikin kawunan dizal da aka yi rububin saya don maye gurbinsu ba su yi ƙarko ba, wasunsu ma kusan tare aka kai su bola.

A cikin zauren akwai wani ƙaton kan jirgi da masana'antar Vulcan Foundry ta Lancashire ta ƙera wa ƙasar Sin a 1935. Na tsaya a gabansa kaɗan saboda wannan masana'anta tana cikin waɗanda suka ƙera wa reluwen Nijeriya kawunan jirage bayan yaƙi, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna, a zamanin da gyaɗa ke taruwa dala-dala a Kano tana jiran tarago. 9F kuwa ba zai taɓa hawa layinmu na da ba: faɗin namu ƙafa 3 da inci 6 ne, nasu ƙafa 4 da inci 8 da rabi.

Inji a gidan tarihi gawa ce mai kwalliya, ba wuta ba motsi. Dattijon ya ce idan ina son ganin ɗan wannan gida da rai, in nufi Pickering. Da safe muka kama bas daga York, muka bi ta Malton, gonaki kore shar hagu da dama, ruwa yana yayyafi yana ɗaukewa. Daga Pickering akwai layin dogo na mil 18 da ya ratsa tsaunukan Arewacin Yorkshire zuwa Grosmont. George Stephenson ne ya shimfiɗa asalinsa, aka buɗe a 1836, kuma dawaki ne suka fara jan taragai a kansa. An rufe shi a 1965, cikin layukan da rahoton 1963 na Beeching, shugaban hukumar reluwe na lokacin, ya ce ba sa kawo riba, sai mutanen yankin da masu sha'awa suka haɗa kuɗi suka sake buɗe shi a 1973. Yawancin masu aiki a kansa yau 'yan sa-kai ne. Mai duba tikiti, mai ɗaga tuta, har mai zuba kwal, za ka tarar wani tsohon malamin makaranta ne, wani akanta, sun bar hutunsu sun zo suna shan toka kyauta.

A Grosmont na ga 92134. Shi ne na gaskiya: baƙi, babu suna, bututun hayaƙi ɗaya, kuma shi kaɗai ya rage cikin masu bututu ɗaya. Crewe ta ƙera shi a 1957, aka ajiye shi a 1966, bai sake tafiya da tururinsa ba sai 2019. Yana tsaye a tasha yana huci, ruwa na ɗiga daga ƙarƙashinsa, warin kwal da man inji mai zafi ya cika wurin. Direban ya bari muka leƙa daga bakin ƙofa. Mai zuba kwal ya buɗe ƙofar wuta, zafin ya doke ni a fuska har na ja da baya. Na zuba masa ido yana aiki. Ba wai ɗiba da watsawa kawai ba ne. Kowane shebur da inda ake son ya faɗa, wannan kusurwar baya ta hagu, wancan ta dama, wancan can gaba, domin idan wuta ta yi rami a wuri ɗaya iska mai sanyi ta shiga, tururi ya faɗi. Yana yi yana duban agogon matsin tururi, wanda ke kaiwa 250, yana duban gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunya, yana kuma leƙa sigina ta gefensa. A zamanin aiki na gaske, idan kaya ya yi nauyi, mutum ɗaya kan jefa fiye da tan guda na kwal a awa, a kan daɓen da ke girgiza.

Daga Grosmont zuwa Goathland hawa ne mai tsanani, kowace ƙafa 49 ta tafiya layin yana tashi ƙafa ɗaya. Na leƙa ta taga, burbushin kwal yana faɗa mini a hula, ina jin bugun hayaƙin yana amsa kuwwa a cikin kwari. Maganar gaskiya, ko a jikinsa. Taragan fasinja 'yan kaɗan cike da masu yawon buɗe ido da karnukansu ba kaya ba ne a wurin 9F.

Kayansa na ainihi yana can arewa, a layin Tyne Dock zuwa Consett, kuma wannan ne labarin da na fi so. Jiragen ruwa suna sauke tama a bakin kogin Tyne, masana'antar ƙarfe kuma tana Consett, a kan tudu. An ware 9F guda 10 domin wannan aiki, aka ɗaura musu famfunan iska a gefe, waɗanda ke buɗe ƙofofin taragai su zazzage tamar gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Tarago 9 ake ja, kowanne da tan 56, kuma a wani wurin hawan ya kai ɗaya cikin 35. A nan sai wani kan jirgin ya zo ta baya yana turawa, ɗaya na ja ɗaya na ingizawa, dare da rana, domin tanderun narka ƙarfe ba ya jira. Na farkon da aka ƙera ma irin wannan aiki aka tura su, daga Newport zuwa masana'antar Ebbw Vale a kudancin Wales. A tsakiyar Ingila kuma suna kwasar kwal daga Annesley zuwa Woodford Halse da gudun da ya ba kowa mamaki, alhali yawancin taragan kwal na lokacin ba su da birkin da direba zai iya takawa daga gaba. Birki yana kan jirgi, sai kuma na hannu a ɗan taragon gadi da ke can wutsiya. Tsayar da irin wannan kaya a gangare ya fi jan sa wuya.

An yi ta gwaje-gwaje a kansu, ba duka suka yi kyau ba. Guda 10, daga 92020 zuwa 92029, an sa musu tukunya irin ta Italiya mai suna Franco-Crosti, wadda ke ɗumama ruwa da hayaƙi kafin ya shiga babbar tukunya, don a rage cin kwal. Hayaƙin ta gefe yake fita, dab da ɗakin direba, ya riƙa shaƙe ma'aikata, bututun kuma suka riƙa yin tsatsa. Ragin kwal ɗin bai taka kara ya karya ba, aka cire. Wasu uku an sa musu na'urar zuba kwal da kanta, ita ma aka cire.

Abin da ba a shirya ba shi ne ya fi yin suna. A ranakun Asabar na bazara, lokacin da jama'a ke tururuwa zuwa bakin teku kuma kawunan jirage sun yi ƙaranci, sai a jawo 9F a ɗaura masa taragan fasinja. Direbobi suka gano cewa jirgin kayan nan yana gudu lafiya lau, har aka auna wasunsu suna taɓa mil 90 a awa. A lissafa: ƙafa mai tsawon ƙafa 5 a wannan gudu tana juyawa fiye da sau 8 a daƙiƙa, da waɗannan manyan sandunan ƙarfe suna kai da kawowa. Manya suka tsorata da abin da hakan zai yi wa injin, suka taka birki. A layin Somerset da Dorset mai tuddai, inda aka saba haɗa kai biyu, 9F ɗaya ya riƙa wadatarwa, kuma Evening Star ne ya ja jirgin Pines Express na ƙarshe a wannan layi ranar 8 ga Satumba, 1962.

Guda 9 suka tsira cikin 251. Evening Star an keɓe shi don tarihi. Mai lamba 92203, mai zanen namun daji David Shepherd ne ya saye shi kai tsaye daga hukuma ya raɗa masa suna Black Prince, kuma a 1982 ya ja dutse sama da tan 2,100 a wata mahaƙa a Somerset. Sauran bakwai ɗin, har da wanda na hau, ɗan gwangwan ne ya cece su ba da niyya ba. Dai Woodham na garin Barry a Wales ya sayi tsofaffin kawunan jirage kusan 300 domin ya yanka ya sayar da ƙarfen, sai ya ga taragai sun fi sauƙin yankawa kuma suna ta shigowa, ya jingine kawunan a gefe. Suka yi shekaru a fili iskar teku tana cin su, masu sha'awa suna zuwa suna saye ɗaya bayan ɗaya, har aka fitar da 213.

Babu ɗayan tara ɗin da aka yarda ya hau babban layin ƙasa yau. Ƙafar tsakiyar nan maras leɓe ce dalili, domin a mararrabar layukan zamani akwai ƙarafan kariya da suka ɗan ɗara dogo tsawo, ana tsoron ta hau kansu. Saboda haka iyakarsu ƙananan layukan 'yan sa-kai, inda doka ta ƙayyade gudu a mil 25 a awa.

Mun yi sallah a wani lungu na tashar Pickering, muka sha shayi muna jiran bas. Ƙanena, wanda ya wuni yana kakkaɓe toka daga rigarsa, ya tambayi wani ma'aikaci daga wace mahaƙa suke samo kwal. Mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta ƙarshe mai girma a Birtaniya, Kellingley, a nan Yorkshire take, an rufe ta a Disambar 2015. Ta Ffos-y-fran a Wales, wadda irin waɗannan layuka suka dogara da ita, ta tsaya a ƙarshen 2023. Masana'antar Consett tun 1980 aka rufe ta, wani sashe na layin da tama ke bi ya zama hanyar masu keke. Ma'aikacin ya ce yanzu kwal ɗin da yawancin layuka irin nasu ke ƙonawa ta jirgin ruwa yake zuwa daga ƙasashen waje, kuma kuɗinsa na cikin abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya.